SANIYAR BAFFA MAI KAMA ƁARAWO

Shafi na 23

Da sunan Allah nake farawa. Masu turo mini saƙo tun da asuba kuna cewa na bar Nasiru cikin wahala na tafi yawona, na gan ku, ku yi haƙuri, wayata ce ta faɗa ruwan wanki. Ke kuma Balaraba ta Yako da kika rantse in aka kori Nasiru kin daina karanta labarina har abada, ki gyara zama. Ba ni na kore shi ba, saniya ce.

Ga waɗanda suka shigo yau: bijimin Baffa ya ɓata a rugarsu ta bayan Burumburum. Baffa yayan mahaifin su Nasiru ne, shi ne babba a rugar, kuma shi ya riƙe su tun da mahaifinsu ya rasu. Yana da wata saniya mai suna Wule wadda kowa ya yarda tana gane mai laifi. A jera mutane, a sake ta, ta je ta ɗora hanci a ƙirjin wanda ya yi. To an jera samarin ruga, ta je ta ɗora hanci a ƙirjin Nasiru. Baffa ya yanke hukunci Nasiru ya bar rugar kafin ranar kasuwar Tudun Wada, ya kuma bar shanun gadonsa a madadin bijimin. Ƙanwar Nasiru, Lubabatu, wadda take shekarar farko a jami'a tana karanta ilimin halayyar ɗan Adam, ta zo hutu ta tarar da wannan. Ta durƙusa ta roƙi Baffa abu ɗaya, a bar ta ta gwada saniyar.

*

Hantsi ya ɗaga, an gama tatsa, amma babu wanda ya kora shanu kiwo. Kowa yana filin gaban garke.

Lubabatu ta kife ƙoƙuna uku a ƙasa, nesa da juna. Ta zare zoben azurfar da ke yatsanta.

"Me ya sa zobe?" in ji Malam Mu'azu, malamin allon rugar, wanda aka ɗauko a matsayin shaida don kowa ya yarda da shi. "Me ya sa ba kanwa ba?"

"Allah gafarta Malam, kanwa saniya tana jin ƙanshinta. In ta samo, ba za mu san ko sani ne ko hanci ne ba."

Malam ya gyaɗa kai. "Wannan magana ce."

Inuwa, babban ɗan Baffa, ya kwashe da dariya. "Yau boko zai yi karo da nagge. Luba, da kin bari an kira miki masu ɗaukar hoto."

Ba ta kula shi ba.

Baffa ya dogara da sandarsa. "Luba, na yarda ne don kada a ce na hana marainiya magana. Amma ki ji da kunnenki. In Wule ta ci wannan gwajin naki, magana ta mutu. Yayanki ya ɗaure kayansa."

"Na ji, Baffa."

Ta saci kallon Hamma Nasiru. Yana zaune a gefe shi kaɗai, kansa a sunkuye, ya rame kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi. Ko samarin da suke kiwo tare sun bar tazara tsakaninsu da shi. Can wajen mata kuwa mahaifiyarsu, Inna Asibi, tana tsaye da ƙwaryar nono a hannu, fuskarta babu abin da za ka karanta.

A gaban kowa Lubabatu ta sa zoben a ƙarƙashin ƙoƙon da ke gefen dama.

"A sake ta."

Aka kwance Wule. Farar saniya ce mai dogayen ƙahoni, tsufa ya fara kama ta. Ta tako a hankali, ta tsaya, ta ɗaga kai ta dubi taron. Sannan ta juya ta nufi ƙoƙon dama kamar an ja ta da igiya, ta ture shi da hanci. Zoben ya yi walƙiya a rana.

Wurin ya ɗauki salati.

"A sake," in ji Lubabatu. "Sau ɗaya yana iya zama dace."

Aka mayar da saniyar bayan garke, aka canja wa zoben wuri, aka sake ta. Ta samo. Aka sake canjawa. Ta samo. Aka yi ta maimaitawa har Inuwa ya gaji da dariya ya koma tafi.

Ni dai da nake ba ku labarin nan, wallahi tsigar jikina tashi take yi, balle ita Lubabatu da abin ke faruwa a gaban idonta. Ta daɗe tana jin labarin Wule, amma a ranta ta ɗauka surutun mutane ne, wanda in saniya ta dace sau ɗaya a riƙe, in ta kuskure sau goma a manta. Yau ga shi ba ta kuskure ba ko sau ɗaya. Tsoro ya kama ta, da wani irin girmamawa ga dabbar da ba ta shirya masa ba.

"To?" in ji Baffa.

"Baffa, saura."

"Sauran me?"

Ta durƙusa. "Ka yi mini afuwa. So nake ka koma bayan zana, inda ba za ka ga inda na sa ba, ita ma ba za ta gan ka ba."

Gaskiya yarinyar nan tana da ƙarfin hali, don ni ko a mafarki ba zan ce wa Baffa ya koma bayan zana ba.

"Wato ni kike zargi," in ji shi. "Ni nake nuna mata."

"Ba da gangan ba, Baffa. An koya mana cewa jikin mutum yana faɗin abin da ya sani ko bakinsa bai faɗa ba. Numfashi, ko karkata kafaɗa, ko inda ido ya tsaya. Shi kansa bai san yana yi ba."

Baffa ya daɗe yana kallonta. Sannan ya juya ya shige bayan zanan rumbu.

A nan ne duk zatonta yake. Tun ranar da ta dawo take lissafin cewa Baffa ne, saniyarsa ce, shi take kallo, shi kuma zuciyarsa ta riga ta zargi Nasiru. Ta sa zoben a ƙoƙon tsakiya, zuciyarta na cewa yanzu za a ga ƙarshen abin.

Aka saki Wule. Ta tsaya, ta dubi taron, ta je ta ture ƙoƙon tsakiya.

Aka canja. Ta samo.

Aka sake canjawa. Ta samo.

Lubabatu ta dubi zoben a ƙasa. Ta ji kamar ta zauna a ƙasa ta yi kuka.

Baffa ya fito yana kakkaɓe rigarsa. "Na wanku?"

"Ka wanku, Baffa. Ka yafe mini."

"Shi ke nan," in ji Inuwa da ƙarfi. "Shanu na jin yunwa, a watse. Nasiru, in kana son taimako wajen ɗaure kaya ka yi magana."

Nasiru ya miƙe a hankali. "Luba, bar shi haka. Kin yi iya yinki. Allah ya san gaskiya."

"Hamma, zauna."

"Luba..."

"Don Allah ka zauna."

Maganar malamarsu Dakta Raihana ce ta faɗo mata, wadda ta faɗa musu tun satin farko a darasin hanyoyin bincike, lokacin da rabin aji ke hamma. Ta ce in ka yi hasashe ka gwada ya faɗi, hasashenka ne ya faɗi, tambayar tana nan. Kada ka ji kunya, ka canja abu ɗaya ka sake gwadawa. A lokacin Lubabatu don jarrabawa ta haddace maganar, ba ta taɓa zaton za ta neme ta a gaban garke ba.

Ta juya wajen Malam Mu'azu. "Allah gafarta Malam, na cire Baffa, amma na bar mutane da yawa da suka san inda zoben yake. Har ni. Kuskurena ke nan."

"To me kike so?"

"Kowa ya juya baya. Kai kaɗai ka sa zoben. In ka sa, kai ma ka koma bayan zana. Ya zama babu ko mutum ɗaya a filin nan da ya sani."

"An ce in ta ci magana ta mutu," in ji Inuwa. "Baba, ai an gama."

Malam ya ɗaga hannu. "Alhaji, mutum za a raba da gidan ubansa. In akwai sauran tambaya, gara a yi ta yau da a yi ta gobe kiyama."

Baffa ya ce, "A yi."

Kowa ya juya baya, manya da yara. Malam ya sa zoben, ya taɓa kowane ƙoƙo don kada sawunsa ya nuna, ya shige bayan zana. Aka juyo. Aka saki Wule.

Ta tako kamar yadda ta saba. Ta tsaya. Ta ɗaga kai ta dubi taron.

Ta ci gaba da duba.

Ta yi taku biyu wajen hagu, ta dawo. Ta kaɗa kunne. Ta sake ɗaga kai ta dubi mutane, ta yi wani ɗan kuka mai ban tausayi, irin na ɗan maraƙi da ya rasa uwarsa a cikin garke. Daga ƙarshe ta ture wani ƙoƙo haka kawai. Babu komai a ƙarƙashinsa.



Aka maimaita. Wannan karon ko ƙoƙon ba ta taɓa ba, ta sunkuya ta kama cin ciyawa.

"Subhanallahi," in ji Malam a hankali daga bakin zana.

Amma Lubabatu ba ƙoƙunan take kallo ba. Tun da aka saki saniyar idonta yake kan idon Wule, tana so ta ga wa take nema a cikin taron nan duk lokacin da ta ɗaga kai. Ba wajen maza take duba ba. Wajen mata take duba, kuma wuri ɗaya.

Lubabatu ta juya wajen matan.

"Inna," ta ce. "Zo ki ga inda zan sa."

Inna Asibi ta ɗago. "Ni kuma? Ina ruwana da wasanku?"

"Don Allah, Inna."

Kowa ya sake juya baya. Lubabatu ta nuna wa mahaifiyarta ita kaɗai, ta sa zoben a ƙoƙon hagu, ita kuma ta koma bayan zana wajen Malam. Ta tsaya can tana sauraro. Ba a daɗe ba ta ji ƙarar ƙoƙo ya kife, sai hayaniya. Wule ta samo.

Ta fito. "Saura ɗaya. Inna, ki yafe mini abin da zan yi, zan yi miki bayani daga baya."

Ta sa zoben a ƙoƙon dama a gaban Inna. Ta ce Inna ta juya baya ta rufe ido. Sannan a gaban kowa, ba tare da ta yi magana ba, ta ɗauke zoben ta mayar da shi ƙoƙon hagu. Ta sa yatsa a leɓe tana roƙon jama'a su yi shiru.

Ku lura da kyau, masu karatu. Yanzu duk wanda ke filin nan ya san zoben yana hagu. Baffa ya sani, Malam ya sani, Inuwa ya sani. Mutum ɗaya ce kawai ta ɗauka yana dama.

Inna ta juyo. Aka saki Wule.

Ta tsaya. Ta dubi Inna. Inna ba ta yi magana ba, ba ta ɗaga hannu ba, ko motsi ba za ka ce ta yi ba. Idonta ne kawai ya ɗan zame wajen dama, haɓarta ta bi shi kaɗan, ƙwaryar hannunta ta karkata abin da bai kai faɗin yatsa ba.

Wule ta tafi kai tsaye ta ture ƙoƙon dama. Wayam.

Wata tsohuwa ta saki salati ta zauna daɓas. Sandar Baffa ta kuɓuce daga hannunsa, bai ko duba ta ba. Malam Mu'azu ya cire hularsa ya riƙe a hannu, idonsa ya kawo ruwa.

"Tsarki ya tabbata ga wanda ya halicci wannan dabba," ya ce. "Shekara da shekaru ina cewa gaibu na Allah ne, saniya ba ta san shi ba. Amma ban taɓa tunanin abin da take yi ya kai haka ba. Mu nan duk muna da ido, muna zaune da Asibi, babu wanda ya taɓa ganin abin da saniyar nan take gani a fuskarta."

Lubabatu kanta hawaye take yi. Ta karanta irin wannan a makaranta, ta ma amsa tambaya a kai, amma karantawa daban, gani daban. Ashe abin da ke cikin zuciyar mutum yana fitowa ta haɓarsa bai sani ba, kuma akwai mai ganinsa. Ta ji duniyar ta yi mata girma.

Inna ta dubi ƙoƙon, ta dubi saniyar, ta dubi 'yarta. "Me kuke nufi? Ni ban ce mata komai ba. Na rantse ban taɓa ce mata komai ba."

"Na sani, Inna. Wa ya rene ta?"

"Ni. Uwarta ta mutu tana kwana kaɗan da haihuwa. Da yatsana ta koyi shan nono."

"In za ki ba ta dusa, ya kike yi?"

"Nakan duba inda zan ajiye... kafin in isa ta riga ni zuwa."

"Tun tana maraƙa take karanta idonki, Inna. Inda kika kalla nan alheri yake. Ita ba ta san ɓarawo ba. Ke ta sani."

Wule ta tako ta zo ta goga kanta a kafaɗar Inna. Inna ba ta shafa ta ba.

Baffa ya sunkuya ya ɗauki sandarsa. Ya tsufa a cikin wannan hantsin, kowa ya gani.

"Ke nan duk waɗanda saniyar nan ta nuna a baya..." Bai ƙarasa ba. Ya shafa fuskarsa. "Allah ka yafe mini."

"To ai maganar ɗaya ce," in ji Inuwa da sauri. "In idon Inna Asibi take bi, Inna Asibi ce ta nuna Nasiru. Uwarsa ce ta san halinsa. Wa ya fi ta saninsa?"

Maganar ta faɗi a tsakiyar fili kamar dutse a rijiya. Nasiru ya ɗago kai karon farko. Ya dubi mahaifiyarsa.

"Inna," ya ce. "Ke ma?"

Lubabatu ta juya wajen Inna. Wannan ne ba ta hango ba. Ta cire wuƙar daga hannun saniya ta sa a hannun uwarsu.

"Inna, tsoro ne ko?" ta ce da sauri. "Kina jin tsoron kada ta nuna shi, sai idonki ya tafi kansa. Haka ne ko? Ki ce haka ne."

Inna ta ajiye ƙwaryar a ƙasa a hankali. Ta ja mayafinta ta rufe rabin fuskarta.

"Ke yarinya ce, Luba," ta ce. "Kin yi boko amma kin manta gidanku. Wancan ɗan fari ne. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba. Ban taɓa ɗaga ido na dube shi a cikin mutane ba. A tambayi matan nan."

Matan suka gyaɗa kai. Wannan kowa ya sani, kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce a rugar.

"Ranar da aka jera su ma ban dube shi ba. Da na dube shi da an yi ta magana har yau."

"To wa kike kallo?" in ji Malam.



"Asibi," in ji Baffa. "Wa kike kallo?"

"Baffansu, kai ka riƙe mu. A gidanka muke ci. Kuma uwa ba ta tsayawa a gaban maza ta wanke ɗan fari, sai a ce ta rasa kunya. Shi ya sa na haɗiye, ina kwana ina tashi da shi."

"Ban tambaye ki wannan ba."

Hawaye ya gangaro ta ƙarƙashin mayafin. "Ranar da bijimin ya ɓata na fito tatsa da wuri. Na ga wanda ya ja shi ya bi ta hanyar rafi. Da aka jera su, shi na kasa daina kallo. Layi biyu aka yi. Wancan yana gaba. Shi kuma yana bayansa, daidai kafaɗarsa. Saniyar ta taho inda nake kallo, ta tarar da wancan a hanya, ta tsaya."

Samarin suka fara duban juna, kowa yana tuna inda ya tsaya ran nan.

"Wa ke bayan Nasiru?" in ji Malam.

"Kada kowa ya amsa," in ji Baffa. "Ni na jera su da hannuna. Na san wanda na tsayar a wurin."

Ya juya a hankali wajen da ɗansa yake tsaye.

"Inuwa, zo nan."

Wurin babu kowa, sai takalmi wari ɗaya a kan ƙasa.

Daga bayan garke suka ji an tayar da mashin.